Yadda ake ɗaure zane da sharuɗɗan siffa da na awo a AutoCAD

Duk wanda ya daɗe yana zane a kwamfuta ya san wahalar gyara. Ka gama zanen farantin ƙarfe mai ramuka huɗu, injiniya ya dawo ya ce a ƙara masa faɗi da milimita 50, sai ka shiga jan layuka ɗaya bayan ɗaya, kana matsar da ramuka, kana sake awo, kuma idan ba ka yi sa'a ba rami guda ya tsaya a tsohon wurinsa ba ka lura ba. Na taɓa miƙa wa mai walda irin wannan zanen na ƙafar tankin ruwa, ya huda farantin yadda ya gani a takarda, ranar ɗora shi a kan notunan da aka riga aka binne cikin kankare sai uku suka shiga, na huɗun ya ƙi. Da wutar gas aka buɗe ramin har ya zama kamar ƙwai, kuma laifin na zanen ne. Tun daga lokacin ban sake zana abin da na san za a canza masa awo ba sai na ɗaure shi da sharuɗɗa.

Sharaɗi a nan doka ce da kake gindaya wa layi ko da'ira, manhajar kuma ta riƙe ta duk yadda aka ja zanen. Iri biyu ne. Sharaɗin siffa shi ne wanda ke faɗin dangantaka ba tare da lamba ba, kamar a ce wannan layi a kwance yake, ko waɗannan da'irori biyu tsakiyarsu ɗaya ce. Sharaɗin awo shi ne mai lamba: tsawo 300, faɗin rami 18, kusurwa digiri 45. Dabarar ta tsufa, domin Ivan Sutherland ya nuna ta a manhajarsa ta Sketchpad a jami'ar MIT ta Amurka tun 1963, amma ba ta shigo cikin manhajar zane ta AutoCAD ba sai a fitowar AutoCAD 2010, shi ya sa da yawa daga cikin waɗanda suka koyi aikin a hannun tsofaffin masu zane ba su taɓa buɗe shafin sharuɗɗan ba, alhali yana nan a gabansu kullum.

Kayan da ake buƙata

Kana buƙatar cikakken AutoCAD, na 2010 ko wanda ya biyo bayansa. Ka duba saman allo, a jerin shafukan kayan aiki, ka nemi wanda aka rubuta Parametric. A cikinsa akwai rukuni uku, Geometric da Dimensional da Manage. Idan AutoCAD LT ne a kwamfutarka, za ka iya buɗe zanen da wani ya ɗaure ka canza lambobinsa, amma ba za ka iya sanya sababbin sharuɗɗa ba. Ɗalibi na iya neman lasisin karatu na shekara guda kyauta daga kamfanin Autodesk da shaidar makarantarsa. Wanda bai da ko ɗaya ya sauke FreeCAD, wadda kyauta ce, zan yi bayaninta a ƙarshe.

Sai linzami mai ƙafar gungurawa a tsakiya, domin za ka yi ta zuƙo zane kana nesanta shi, kuma yin hakan da yatsa a kan faifan laftof yana sa a zaɓi ɗigon da ba shi ake nufi ba. Sai takarda da fensir. Waɗannan biyun ba ado ba ne, da su za a fara aikin.

Misalin da za mu bi shi ne farantin da ake waldawa a gindin bututun ƙafar tanki: murabba'i mai milimita 300 kowane gefe, kusurwoyinsa huɗu a lanƙwashe, bututu mai inci 4 a tsakiya wanda faɗinsa na waje milimita 114.3 ne, da ramuka huɗu na notin M16, wato mai kaurin milimita 16.

1. Yanke shawarar abin da zai canza da abin da ba zai canza ba

Kafin ka taɓa kwamfuta, zana farantin a takarda ka rubuta jeri biyu a gefensa. Na farko, abubuwan da dole su tabbata ko da me aka canza: bututu yana tsakiyar faranti, ramuka huɗu girmansu ɗaya, nisan kowannensu daga baki ɗaya ne, kusurwoyi huɗu lanƙwasarsu ɗaya. Na biyu, lambobin da injiniya ko mai aiki zai iya sauyawa gobe: tsawon faranti, girman noti, girman bututu. Jeri na farko shi ne zai zama sharuɗɗan siffa, na biyu kuma sharuɗɗan awo.

Akwai tambaya guda da ya kamata ka amsa a nan, domin ita ce ke raba zane mai biyayya da mai taurin kai: idan farantin ya ƙara girma, ramukan baki za su bi, ko kuwa za su tsaya a nisansu daga tsakiya? Idan ba a zuba kankare ba tukuna, ramukan su bi baki. Idan an riga an binne notuna a ƙasa, to tazarar da ke tsakanin ramuka ita ce ba ta taɓuwa, baki ne zai matsa. Duka biyun daidai ne a wurinsu, amma manhaja ba ta san wanda kake nufi ba sai ka faɗa mata. A wannan misali za mu ɗauka ba a zuba kankare ba.

2. Shirya fayil

Buɗe sabon zane da samfurin acadiso.dwt, wanda aka tsara a kan milimita. Rubuta UNITS ka tabbatar an zaɓi Millimeters, ka bar lamba ɗaya bayan ɗigo saboda irin su 114.3. Ƙirƙiri shimfiɗu uku da umarnin LAYER: ɗaya ta jikin faranti, ɗaya ta layukan tsakiya, ɗaya ta awo. Kunna kama ɗigo da maɓallin F3, ka tabbatar Endpoint da Midpoint da Center suna kunne.

Daga AutoCAD 2011 zuwa sama akwai wani maɓalli mai suna Infer Constraints wanda ke sanya sharuɗɗa da kansa yayin da kake zane. Ga mai koyo, shawarata ita ce a kashe shi, ta hanyar rubuta CONSTRAINTINFER a ba shi 0. Yana da amfani ga wanda hannunsa ya faɗa, amma mai koyo zai tarar da sharuɗɗan da bai san lokacin da suka shiga ba, ya rasa dalilin da layi ya ƙi motsi.

3. Zana siffar kusa da awonta na gaskiya

Ja layi a kwance daga -200,0 zuwa 200,0, sannan wani a tsaye daga 0,-200 zuwa 0,200, dukansu a shimfiɗar layukan tsakiya. Koma shimfiɗar faranti, rubuta RECTANG, ka ba shi kusurwa ta farko -150,-150, ta biyun kuma @300,300. Rubuta FILLET, zaɓi Radius ka sa 20, sannan ka zaɓi Polyline ka danna murabba'in, kusurwoyin huɗu za su lanƙwashe gaba ɗaya. Zana da'irar bututu a tsakiya, da ƙananan da'irori huɗu kusa da kusurwoyi.

Ba dole ne ramukan su zauna daidai ba a yanzu, sharuɗɗa za su ja su wurinsu. Abin da ba a so shi ne a zana abu mai milimita 5 da niyyar a mayar da shi 300 daga baya. Awo na farko da ka sanya zai fizgi gefe ɗaya ya bar sauran, lanƙwasa ta juya ciki, zanen ya murɗe har ka kasa gane shi.

4. Kafa turke

Zanen da ba a kafe ko'ina ba yana yawo: ka canza tsawo, ba ka san ko gefen hagu ne zai matsa ko na dama ba. Don haka ake fara kafa masa turke kamar yadda ake yi wa dabba. A rukunin Geometric danna Horizontal ka zaɓi layin tsakiya na kwance, danna Vertical ka zaɓi na tsaye. Danna Coincident, ka kai linzami tsakiyar layi na farko har alamar ja ta bayyana a wurin, ka danna, sannan tsakiyar layi na biyu. Wani ɗan murabba'i shuɗi zai fito a mahaɗarsu, shi ne shaidar sun haɗu. A ƙarshe danna Fix, mai hoton kwaɗo, ka zaɓi wannan mahaɗar.

Turke ɗaya ya isa. Kuskuren da na fi gani a wurin masu koyo shi ne da zarar wani abu ya motsa ba yadda suke so ba sai su buga masa Fix. Zanen da ke da kwaɗo shida ba ya karɓar canji ko kaɗan, kuma an ɓata dalilin yin aikin tun farko.

5. Sharuɗɗan siffa na jikin faranti

AutoCAD yana da sharuɗɗan siffa goma sha biyu. Ban da huɗun da muka riga muka taɓa, akwai Parallel na layuka masu tafiya kafaɗa da kafaɗa, Perpendicular na kusurwar digiri 90, Collinear na layuka biyu a kan miƙe ɗaya, Concentric na da'irori masu tsakiya ɗaya, Tangent na layin da ya shafi lanƙwasa ba tare da karyewa ba, Equal na daidaita tsawo ko girman da'ira, Symmetric na madubi, da Smooth wanda ya shafi lanƙwasar spline, ba za mu buƙace shi a nan ba.

Ka riƙe doka guda: abin da ka fara zaɓa shi ne ke tsayawa, na biyu shi ne ke motsawa ya bi shi. Don haka kullum fara da wanda ka san yana daidai.

Sanya Horizontal a gefen sama da na ƙasa, Vertical a gefen hagu da na dama. Sannan Tangent tsakanin kowace lanƙwasa da layuka biyun da ke riƙe da ita, wato sau takwas ke nan. Mutane suna tsallake wannan domin a ido lanƙwasar ta riga ta zauna lafiya, amma FILLET siffa kawai ya yi, bai bar wata doka a baya ba. Ranar da ka canza tsawo ba tare da Tangent ba, kusurwar za ta yi tsini ko ta yi ƙusumbi. Bayan haka danna Equal, zaɓi Multiple, ka fara da lanƙwasar ƙasa ta hagu sannan sauran ukun.

Saura a zaunar da farantin a tsakiya. Hanya mafi sauƙi da na sani ita ce wannan: danna Coincident, rubuta O domin zaɓin Object, danna layin tsakiya na kwance, sannan ka danna ɗigon tsakiyar gefen hagu na faranti. Ma'anarsa, tsakiyar gefen hagu dole ta zauna a kan wancan layi, ko da za ta zame hagu ko dama. Maimaita da layin tsakiya na tsaye da ɗigon tsakiyar gefen ƙasa. Daga yanzu duk girman da faranti zai ƙara, rabi zai tafi wannan gefe, rabi wancan. Ita kuma da'irar bututu, haɗa tsakiyarta da mahaɗar layukan tsakiya da Coincident.

Idan kana sauri, ko kuma tsohon zane ne aka ba ka mai layuka da yawa, umarnin AUTOCONSTRAIN zai duba siffar ya sanya sharuɗɗan da ya ga sun dace. Kafin ka sake shi, shiga Settings ka cire alamar waɗanda ba ka so, ka kuma duba iyakar nisa da ta kusurwa da zai ɗauka a matsayin daidai. Haɗarinsa shi ne ba ya bambanta niyya da dace. Idan ramin noti ya faɗo kusa da tsakiyar lanƙwasar kusurwa, zai ɗaure su da Concentric, sai ka wayi gari kana canza lanƙwasa rami yana binta. Layin da ka karkata da gangan da rabin digiri domin ruwa ya gangara, yana iya miƙar da shi kwance. Duk lokacin da na yi amfani da shi, sai na bi alamomin ɗaya bayan ɗaya na goge waɗanda ban nema ba.

6. Ramukan noti

A nan dabarar ita ce a mayar da rami ɗaya uba, sauran ukun su zama inuwarsa. Ɗauki na ƙasa ta hagu a matsayin uban. Danna Symmetric, zaɓi uban, zaɓi ramin ƙasa ta dama, sannan layin tsakiya na tsaye. Sake danna Symmetric, zaɓi uban, zaɓi ramin sama ta hagu, sannan layin tsakiya na kwance. Na ƙarshe, ramin ƙasa ta dama da na sama ta dama, a kan layin kwance.

Za ka ji kamar ka ƙara madubi na huɗu tsakanin ramuka biyun sama domin a cika zagaye. Kada ka yi, domin ukun farko sun riga sun tilasta shi. Haka kuma ba ka buƙatar Equal, saboda Symmetric a kan da'ira yana daidaita wurin tsakiyarta da girmanta a tare. Idan ka gwada, AutoCAD zai ƙi karɓa ya gaya maka sharaɗin ya yi yawa ko ya ci karo da wani. Wannan saƙo ba matsala ba ce, manhajar tana faɗa maka ne cewa abin da kake nema ya riga ya tabbata ta wata hanya, ko kuma ya saɓa wa abin da ka faɗa a baya.

7. Sharuɗɗan awo

Sai an gama siffa ake shiga awo, kuma a fara da manya kafin ƙanana. A rukunin Dimensional, buɗe Linear ka zaɓi Horizontal, danna tsakiyar gefen hagu, danna tsakiyar gefen dama, ka ajiye layin awon a ƙasan faranti. Zai nuna d1=300. A nan take goge d1 ka rubuta tsawo=300. Yi haka da Vertical tsakanin tsakiyar gefen ƙasa da ta gefen sama, ka rubuta fadi=tsawo. Ka lura ban rubuta 300 ba. Na ce faɗi ya bi tsawo, don haka farantin zai zauna murabba'i har sai ranar da na so in raba su.

Ga wani tarko. Idan ka zaɓi layin ƙasa kansa maimakon tsakiyar gefuna biyu, awon da zai fito 260 ne, domin lanƙwasa ta cinye 20 ta kowane ɓangare. Wanda bai lura ba ya mayar da shi 300 ya sami faranti mai 340.

Ci gaba da Radius a kan lanƙwasa ɗaya, ka sa mata lankwasa=20; sauran ukun za su bi ta saboda Equal. Diameter a kan da'irar tsakiya, bututu=114.3. Diameter a kan uban rami, rami=18. Sannan Horizontal daga tsakiyar uban rami zuwa tsakiyar gefen hagu, gefe=36, da Vertical daga tsakiyar ramin zuwa tsakiyar gefen ƙasa, gefe2=gefe.

Game da sunaye, AutoCAD da kansa yana ba da d1 da d2 da rad1 da dia1 da ang1, waɗanda bayan wata guda ba za ka tuna wane ne wane ba. Sa musu sunan Hausa idan ka ga dama, ni ma haka nake yi, amma ba tare da tazara a tsakiya ba, kuma ka guji haruffa masu ƙugiya da alamar ɗauri, domin fayil ɗin zai iya zuwa kwamfutar da ba ta nuna su daidai. Shi ya sa na rubuta fadi da lankwasa a haka.

8. Haɗa lambobin da lissafi

Nan ne ribar aikin take. Rubuta PARAMETERS, ko ka danna Parameters Manager a rukunin Manage. Teburi zai buɗe mai ginshiƙi uku: suna, lissafi, da sakamako. Danna maɓallin ƙirƙirar sabuwar lamba ta mai aiki, ka sa mata suna noti, ka ba ta 16. Wannan lamba ba ta da layi a zane, amma sauran za su rataya a kanta. Je layin rami ka canza 18 zuwa noti+2, domin a aikin ƙarfe na gini ramin notin M16 milimita 18 ne, na M20 kuma 22. Je layin gefe ka canza 36 zuwa 2*rami.

Ninki biyun nan al'adata ce a ƙananan faranti, ba doka ba ce. Ƙa'idar Turai ta haɗa ƙarfe, EN 1993-1-8, ta ce nisan tsakiyar rami daga baki kada ya gaza ninki 1.2 na faɗin ramin, wato milimita 21.6 ga rami mai 18. Lambar ƙarshe ta injiniyan da ya yi lissafin nauyin tankin ce, kuma idan ya ce a buɗa ramukan gindi fiye da haka saboda kuskuren binne notuna, wuri ɗaya kawai za ka gyara.

Yanzu canza noti daga 16 zuwa 20 ka kalli allo. Ramuka huɗu za su buɗe zuwa 22, su ja baya daga baki zuwa 44, duk a lokaci guda. Mayar da shi 16.

Akwai lamba ɗaya da magini zai tambaye ka kafin kowace, ita ce tazarar tsakiyar rami zuwa tsakiyar rami, domin da ita zai huda katakon da zai riƙe notuna lokacin zuba kankare. Gwada sanya awon Horizontal tsakanin ramuka biyun ƙasa. AutoCAD zai ce awon ya yi yawa, ya tambaye ka ko a mayar da shi na dubawa kawai, wato Reference. Amince. Zai fito a cikin baka biyu yana nuna 228, wato 300 a cire 36 sau biyu, kuma ba za ka iya rubuta masa lamba ba, sai dai ya riƙa sauyawa da kansa. Da notin M20 zai koma 212. Idan kuwa notunan an riga an binne su, sai ka juya tsarin: goge awon gefe da na gefe2, ka mayar da tazarar ramuka ita ce mai iko, gefen ya zama na dubawa.

9. Gwada zanen kafin ka yarda da shi

AutoCAD ba ya ƙirga maka yawan motsin da ya rage a zane, don haka da hannu ake gwadawa. Danna faranti, kama ɗaya daga cikin ɗigogin shuɗi ka ja. Idan ya ɗauru sarai, ba abin da zai motsa. Yi haka da kowane rami da da'irar bututu. Abin da ya biyo linzami, akwai sharaɗin da ya rasa. Danna Esc, ka lura ta wace fuska ya motsa, ita za ta nuna maka abin da ya ɓace. Layukan tsakiya za su iya ƙara tsawo ko raguwa, wannan ba laifi, amma idan kana so su riƙa leƙowa waje da faranti ko yaushe, sa musu awon tsawo+100.

Daga nan sai gwajin lambobi. Ajiye fayil da Ctrl+S tukuna. Mayar da tsawo 400, sannan 250. Mayar da bututu 168.3 na inci 6, sannan 88.9 na inci 3. Raba faɗi da tsawo ka ga ko ramuka suna bin baki. Idan za ka yi babban tsalle, kamar daga 300 zuwa 1200, yi shi hawa biyu ko uku, domin lissafin yana neman mafita mafi kusa da inda siffar take, kuma tsalle mai nisa na iya jefa lanƙwasa ta bayan layi. Idan hakan ta faru, Ctrl+Z nan take, kada ka yi ƙoƙarin gyarawa da hannu.

Ka sani kuma cewa sharuɗɗa ba su san ƙarfe ba. Idan ka rage faranti zuwa 180 da bututu mai 168.3, manhajar za ta zana maka ramukan suna cin jikin bututu ba tare da ta ce uffan ba, kuma ba ta san cewa sifana na buƙatar wurin juyawa ba. Wannan dubawar ta idonka ce.

10. Gyara da share alamomi

Alamomin sharuɗɗa suna cika allo. Hide All yana ɓoye su, Show All yana dawo da su, kuma ɓoyewa ba gogewa ba ce. Idan ka ɗora linzami a kan alama, abubuwan da ta ɗaure za su haskaka, ta haka ake gano wanda ke riƙe da wane. Domin cire sharaɗi ɗaya, danna alamarsa da maɓallin dama ka zaɓi Delete. Umarnin DELCONSTRAINT kuwa yana kwashe dukan sharuɗɗan abin da ka zaɓa, na siffa da na awo, don haka a yi hattara da shi. Haka nan idan kana jan ɗigo ka taɓa Shift, manhajar za ta sassauta sharuɗɗan na ɗan lokaci, kuma idan ka ajiye abin a inda ya saɓa musu, waɗanda aka karya za su goge. Mutane da yawa sun kwance zanensu ta wannan hanya ba su sani ba.

11. Bugawa da aika wa mai yanka

Awon da muka sanya, masu ɗan hoton kwaɗo, nau'in Dynamic ne, kuma ba sa fita a takarda. Wanda bai sani ba zai buga zane ya ga siffa tsirara ba lamba ko ɗaya. Mafita biyu ce. Ko dai ka zaɓi awon, ka buɗe Properties da Ctrl+1, ka canza Constraint Form zuwa Annotational, sai ya ɗauki salon awon zanenka ya kuma fita a bugu. Ko kuma ka bar su yadda suke ka sanya awo na yau da kullum a shimfiɗar awo. Na fi son ta biyu, saboda inda na ɗaure zane ba lallai ne ya zama inda mai walda zai ɗora tef ɗinsa ba. Shi da alli da sukwaya yake aiki, daga baki yake aunawa, kuma lamba yake so ya gani ba lissafi ba. Idan ka zaɓi ta farko, shiga CONSTRAINTSETTINGS, shafin Dimensional, ka mayar da tsarin suna zuwa Value, don kada takarda ta fito da rami=noti+2.

Idan injin yanka na plasma ko na leza za a kai wa, yi kwafin fayil, ka goge layukan tsakiya da awo da da'irar bututu idan ba huda ta za a yi ba, sannan ka ajiye shi a DXF, nau'in fayil da manhajar injin ke karantawa. Asalin mai sharuɗɗa ya zauna a wurinka domin aiki na gaba.

Idan babu AutoCAD

FreeCAD, wadda fitowarta ta 1.0 ta zo a watan Nuwamba na 2024, tana yin wannan aiki duka a sashenta na Sketcher, kuma ga mai koyo ta fi AutoCAD bayani ta fuska ɗaya: tana rubuta maka a gefe yawan motsin da ya rage. Da'ira sabuwa tana da uku, wato hagu da dama, sama da ƙasa, da girma. Layi yana da huɗu. Kowane sharaɗi da ka sa lambar tana raguwa, idan ta kai sifili zanen duka ya koma kore. Ba ka buƙatar zana layukan tsakiya ko kafa turke, domin layukan asali biyu suna nan a kafe tun farko, sai ka yi madubi a kansu. Bambancin da za ka kula da shi shi ne madubinta a kan ɗigo yake aiki, don haka bayan ka daidaita tsakiyar ramuka sai ka ƙara musu Equal, saɓanin abin da muka yi a sama. Awo mai iko ja ne, na dubawa shuɗi. A madadin Parameters Manager, buɗe sashen Spreadsheet, rubuta 16 a wani gida ka laƙaba masa sunan noti, sannan a akwatin awon rami ka danna alamar lissafi ka kira shi da Spreadsheet.noti ka ƙara 2. Sauran matakan, daga takarda da fensir har zuwa gwajin 400 da 250, haka za ka bi su.